Kwalin Jirgin Alhaji Sale

Duk wanda ya shigo ofis ɗin nan a cikinku sai ya tambaye ni abin da kwalin can yake yi a saman kanta. Wasunku har sukan ɗauka su girgiza in na juya baya, ina ganinku ta gilashin taga. Ba komai a ciki sai farin soso. Tunda kun ce duba kaya bai wuce a ɗaga waya a ɗauki hoto a tura wa mai kaya ba, ku jawo kujera ku ji yadda aka yi ya hau can.

Karatu ne ya kawo ni Guangzhou a farkon shekarun dubu biyu. Karatun bai yi nisa ba, amma na tsira da yaren Chana, shi kuwa a lokacin ya fi takardar digiri kawo tuwo. Aikin da na faɗa shi ne wannan da kuke rainawa: ɗan kasuwa ya sayi kaya, kafin a loda su a kwantena a kai tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ni zan tsaya in tabbatar abin da ya saya shi ne a cikin kwali. Da zarar an buga wa kwantena hatimi, zance ya ƙare. A garin nan kaya ba sa komawa shago. In ka dawo da ƙorafi, laoban, wato mai shagon, zai yi maka murmushi, ya zuba maka shayi, ya ce "meyo". Ma'anarta babu, kuma ita ce kalmar da kowane baƙo yake fara haddacewa.

Wanda ya koya min aikin Elhaji Mamane ne, mutumin Maraɗi, Allah ya jiƙansa. Ranar farko ya kai ni wani sito a bayan kasuwar Baima duba takalman mata. Laoban ya jawo kwali ya yanka, na ɗaga takalmi na lanƙwasa, na shinshina, na ce lafiya lau. Elhaji yana zaune yana jan carbi, ko kallon takalmin bai yi ba.

"Bon," ya ce. "Wa ya zaɓi kwalin ga?"

Na ce, "Laoban ne, Elhaji."

"To kayan laoban ka duba. Hau bisa ka ɗauko mini na ƙurya, wanda ke jingine ga bango."

Na hau ina gumi na jawo shi. Tun kafin in yanka na ji bai kai na farko nauyi ba. Kala ɗaya, ɗinki ɗaya, amma ƙasan takalman kamar biskit. Daga ranar ban ƙara bari wani ya zaɓar min kwali ba, ban kuma ƙara shan shayin laoban kafin in gama aiki ba.

Kayan aikina ba su cika jaka ba: reza, tocila, sikelin hannu, mitar gwada wuta, batura iri-iri, sai jar maka, wato alƙalamin zane mai kaurin baki. Makar nan ita ce babba. Kwalin da na gwada ya yi, in zana masa da'ira. Wanda bai yi ba, in buga masa kuros, wato gicciye, a kowane gefe, don kada a juya shi a sake kawo min shi a matsayin sabo. Ita ce idona in ba na wurin.

Akwai kuma wata al'adar mutanenmu da dole ku sani. Kuɗin kago, wato kuɗin dakon kaya a jirgi, ba a kan nauyi yake ba, a kan wurin da kaya suka ci ne a kwantena, abin da ake kira sibiyem. Shi ya sa Bakano in ya sayi takalmi, abu na farko shi ne a zare kwalayen a zubar, a danna takalman a buhu. Agogo, jaka, tocila, duk haka ake musu. Dabara ce mai kyau, ta gina gidaje a Kano, ni kaina na sha tsayawa ana yinta. Mutumin Kano in ya ga kwali, gani yake kamar zai biya wa iska kuɗin jirgi ne.

Shekarar dubu biyu da takwas ita ce wadda ba na son a tuna min. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna bin benaye a unguwar Dengfeng suna tambayar fasfo, masana'antu suna rufewa ba sallama. Mutum ya ba da kafin alƙalami, ya koma karɓar kaya, ya tarar da kwaɗo a ƙofa da ma'aikata zaune a bakin titi, su ma laoban suke nema. A shekarar ko gaisuwa aka yi min sai na juya ta na duba bayanta.

A cikin wannan hali Alhaji Sale ya sauka. Kayan wasan yara yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, shagonsa mai ƙofa biyu, kuma na daɗe ina duba masa kaya. Mutum ne mai barkwanci da kyauta, amma ko allura ya saya sai ya tambayi sibiyem ɗinta. Ya zauna a ɗakina, ya tuɓe hula, ya zaro wani hoto da ya bugo a takarda.

"Malam Garba, kayan roba sun mutu wallahi. Kowa bindigar ruwa, kowa 'yar tsana. Ni yanzu 'ya'yan manya nake so, na Abuja. Dubi wannan, a kafe na gani a intanet."

Jirgin ƙasa ne ƙarami, amma ba irin na roba mai batir ba. Kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, na ƙarfe, da fitilunsa da matakalarsa da taragai a baya, yana bin ɗan dogo, wuta kuma ta dogon take shiga jikinsa. Na ce masa wannan a sanina tsofaffin Turawa ne suke saya su shimfiɗa a ɗaki. Ya ce to yanzu 'ya'yan manya za su koya.

"Na sai da filina na Ɗorayi, na haɗa da abin da ke shago," ya ce. "Tafiyar nan in ta yi, na tashi. In ba ta yi ba, ba ka ƙara ganina a Chana."

Na kunna kwamfutata. Ta hannu ce, na saye ta a nan Dengfeng, kuma kowane baƙo ya zo da filas cike da hotunan sampul sai ya soka mata, ba ya ko sallama. Na buga adireshin kamfanin da ke ƙasan hoton. Saman shafin ya buɗe, hancin jirgi ya fara leƙowa, sai ya tsaya cak. Na sake. Wannan karon tagogi suka riƙa buɗe kansu da tallan maganin sanƙo, kwamfutar ta yi wani nishi, ta mutu, ta tashi da kanta.

Nan take na ce a raina kamfanin nan ko ya mutu, ko dama ba a taɓa haifarsa ba. A shekarar an sha yin shafi da hotunan sata, a karɓi kuɗin mutane a ɓace. Na ce wa Alhaji kada ya tura wa kowa ko sisi sai na ga ƙofar wurin da idona. Ya dube ni ta gefen ido.

"Ko dai kana da wata masana'antar da kake son kai ni ne, Malam Garba?"

Ban ji haushi ba. Shekarar ce haka, kowa yana riƙe da aljihunsa yana kallon na kusa da shi.

Washegari na ciccibi kwamfutar na kai wa wanda ya sayar min. Na ce masa ai ka ce akwai garanti. Ya nuna min bakin ƙofar shagonsa, ya ce nan garantin ya ƙare tun ranar da na tsallake shi. Na wuce wurin mai gyara. Kafin in miƙa masa sai da na buɗe cikinta na ɗiga wa kowane ɓangare jar maka, don na san masu gyara da zare mai kyau su sa maka gajiyayye. Na tsaya a kansa har ya gama. Ya ce bairos ne ya cika ta, ga kuma raɓa, don lokacin nan ne da bangon ɗaki yake gumi a Guangzhou, ko riga ka rataya sai ta yi fumfuna. Na bi ɗigona na duba a gabansa, duk suna nan. Ya ja tsaki, ya ce a ƙauyensu ko ɗan sanda ba ya haka.

Kwamfuta ta warke, shafi bai warke ba. Na je kafe, nan ma rabi yake buɗewa. Sai dai da na bar shi yana juyi na je na yi sallah na dawo, na tarar lambar waya ta fito a can ƙasa. Na kira, wata mace ta ɗauka, ta ce mu zo.

Masana'antar a Dongguan take, muka shiga bas ni da Alhaji. In ka je masana'anta kada ka kalli allon suna, kowa zai iya rataya allo. Kalli ƙurar da ke kan injina, kalli kwandon shara, leƙa kicin ka ga ko an dafa wa ma'aikata abinci yau. Na yi duk wannan, Alhaji yana jin kunya yana jan rigata. Tukwane da ɗumi, shara sabuwa, ga mata a jere da hantsaki suna dasa wasu ƙananan ƙarafa da sai ka matso za ka gani. Laoban ɗin ita ce matar da ta ɗauki waya, gajeriya, da furfura, tabarau a rataye a wuya. Na tambaye ta me ya sami shafinsu. Ta ce don mutanen Turai aka yi shi, a can aka ajiye shi, ita ma a nan ba ya buɗe mata, wanda ya gina shi kuma ya bar aiki da makullin a kansa.

Da aka gama ciniki sai ta faɗi wata magana da ban taɓa jin wani laoban ya fara faɗa da bakinsa ba. Ta ce duk kan jirgin da bai yi aiki ba a dawo da shi ta canza, ko daga ƙasarmu ne. Sharaɗinta ɗaya: ya dawo a cikin kwalinsa da sosonsa, lambar da ke jikin kwali ta zama ita ce a ƙarƙashin jirgi. Ta ce akwai masu kwaikwayon kayanta, su kawo mata jabu su karɓi na gaske. Ta ƙara da cewa soson nan an yanka shi ne daidai jikin jirgin, shi ne yake riƙe ransa a teku.

Ban yarda ba. Na sa ta maimaita, ina neman inda tarkon yake, ban gani ba. Na fassara wa Alhaji, na ce masa kwalin nan ba irin na takalmi ba ne, kada a taɓa shi. Ya ɗaga ɗaya ya jinjina. Kwalin ya ninka jirgin girma nesa ba kusa ba.

"Malam Garba, soso za ta sayar min, kai kuma har ka yarda. Ina wayonka ya tafi?"

Ta ba ni sampul ɗaya kore in ajiye a gida, kamar yadda aka saba, don in kaya sun fito a gwada da shi.

Kayan sun iso siton kago bizar Alhaji tana gab da ƙarewa, kwantena kuma za a rufe ta washegari da yamma. Na shimfiɗa dogo a kan tebur na zagaya shi, na jona wuta, na fara ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin gwaji kamar na ranar ba. Ka ɗora ɗan ƙarfen nan, ka murɗa, fitila ta kawo, ya ja taragai ya tafi a hankali kamar na gaske. Har masu ɗaurin kaya suka bar aiki suka zagaye ni. Baƙaƙen da jajayen duk suka tafi lafiya. Korayen ne da matsala: da yawansu fitila za ta kawo, jirgi ya yi ta rawar sanyi a wuri ɗaya ya ƙi motsi. Kowanne na mayar da shi cikin sosonsa, na rufe, na zana wa kwalin da'ira ko kuros. Masu kuros na jere su daban a jikin bango, sun yi tsibi har ƙugu.

Na kira laoban ina jiran in ji meyo. Ta ce in kawo su da safe, tana da wasu a ajiye, za ta canza mu dawo kafin a rufe kwantena. Sai da na cire wayar daga kunne na dube ta.

Kafin mu tashi mai kago ya zo da tef ya auna, ya faɗi sibiyem. Fuskar Alhaji ta canza. A hanya ya ce, "Kai da mai kagon nan kun san juna sosai, ko?"

Na ce, "Alhaji, a layin nan wa ban sani ba?"

Ya ce, "Haka ne." 

Da safe na tafi neman motar da za ta kai mu Dongguan da masu kuros. Na samu da ƙyar, ga cunkoso. Da muka iso sito, tun daga waje na jiyo ƙarar reza tana bin tef. Na shiga na tarar babu tsibin jikin bango, babu na masu da'ira. Masu ɗauri suna naɗe jirage a tsohuwar jarida suna cusawa a manyan kwalaye, kai da tarago da dogo wuri guda, mai rai da matacce. Alhaji yana tsaye, hula a ƙeya, fuska fal murna.

"Zo ka gani! Rabin sibiyem ya tafi. Jiya ban yi barci ba ina lissafi. Lalatattun ma ba sai ka kai mata a leda ba? Ai jirgi za ta canza, ba takarda ba."

"Alhaji, ina kwalayen?"

"Wata tsohuwa mai keken kaya ta kwashe, har da godiya."

Ban taɓa ɗaga wa mai kaya murya ba sai ranar. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce masa alamata a jikin kwali take, lambar laoban a jikin kwali take, haƙƙinsa na canji a jikin kwali yake, kuma duk ya ɗora su a keke. Murmushin ya ragu, amma bai tafi duka ba, don har lokacin gani yake ni da mai kago ne muka yi asara.

Na fita da gudu ina tambayar masu shaguna. Na same ta a ƙarƙashin gada, inda ake auna tsofaffin kwalaye a sikeli. Ta riga ta farke su ta shimfiɗe, kuma ta yayyafa musu ruwa don su ƙara nauyi, ita ma da irin tata dabarar. Jar makata ta narke ta bi takarda, lambobin sun jiƙe sun saɓule. Soson kuwa ta kakkarya shi ta cika buhu. Ta ga baƙin mutum tsugune yana tonon shara yana haki, ta riƙe kekenta da kyau.

Duk da haka muka je Dongguan da korayen da na iya tsamowa na sake gwadawa. Laoban ta warware jarida, matakalar jirgin ta biyo takardar ta faɗi a tebur. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan?" ta ce.

Ban fassara ba, Alhaji ya gane. Ta juya jirgin ta duba lamba, ta ce kamar tata ce, amma masu kwaikwayo ma sun iya buga lamba, kwali ne shaidarta. Na roƙe ta. Na ce ta sayar mana da sababbin kwalaye mu mayar da sauran. Ta ce kwali sai an yi oda ake bugawa, zai ɗauki makonni, ga kwantena yau, ga biza.

Alhaji ya ce, "Gaya mata ni ba ɓarawo ba ne. Gaya mata filina na sayar."

Na gaya mata. Ta dube ni, ba shi ba.

"Kai ranar da ka zo har tukunyarmu ka buɗe," ta ce. "Ka yarda da ni ne? To ni me zai sa in yarda da jirgi a cikin jarida?"

Sannan ta ce meyo. Na ji meyo iri-iri a garin nan, kowanne ina da amsarsa. Wannan ba ni da ita, don matar ta faɗi sharaɗinta tun farko, kuma da bakina na fassara.

Aka buga wa kwantena hatimi da yamma. A filin jirgi Alhaji yana ta ƙarfafa kansa, yana cewa jarida ninki biyu ya sa a naɗa, in sha Allahu lafiya za su isa. Na ce Allah ya sa.

Labarin ya same ni bayan watanni, a bakin wasu 'yan Sabon Gari da suka zo sari. Kaya sun sha teku, sun sha tirela daga Legas zuwa Kano. Da aka buɗe, ƙafafu da matakalu da ƙugiyoyin taragai sun taru a gindin kwali kamar tsakuwa a shinkafa. Waɗanda suka tsira da rai sun cakuɗe da matattu, mutanen Abuja kuma suka ce ba wanda zai kai wa ɗan babban mutum kyauta a cikin jarida. Ƙarshe zare aka ɗaura musu, ana sayar wa yaran unguwa suna ja a ƙasa. Alhaji Sale bai ƙara zuwa Chana ba, kamar yadda ya faɗa.

Da na je gida Babbar Sallah ta shekarar da ta biyo baya, na ɗauki sampul ɗin nan kore da ke ɗakina. Shi kaɗai ya rage a duk odar da kwalinsa da sosonsa da lambarsa, kuma yana tafiya sumul. Na ce ai nasa ne. Na shiga Sabon Gari na tarar da wani a shago mai ƙofa biyu, aka nuna min ƙarƙashin wani bene. Alhaji yana nan da ɗan tebur da lema, ya rame, amma barkwancin bai mutu ba. Ya rungume ni, ya sayo min lemo, ya tambayi kwamfutata ko har yanzu tana tallan maganin sanƙo. Bai ɗora min laifi ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Na miƙa masa. Ya buɗe, ya zaro jirgin daga cikin soso, ya goge shi da hannun riga, ya daɗe yana kallonsa. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Ya matsar da bindigogin ruwa, ya ajiye jirgin a tsakaninsu da balan-balan. Sannan ya rufe kwalin ya miƙo min.

"Riƙe wannan, Malam Garba. Ka ga teburin, ba wuri."

Na dubi teburin. Gaskiya ya faɗa, babu wurin.

Kwalin ya ci min rabin jaka a hanyar dawowa, sai da na bar ƙunshin kilishi a Kano kafin zik ya rufu. Kai mai jar hula, mayar da shi inda ka ɗauko, kuma da hannu biyu.